Rijiyar da Injiniya Ya Haƙa a Kan Tokar Auta

Ni dai kowa ya sani a layinmu, ba na ƙarya. Tunda aka haife ni ban taɓa faɗin abin da ba a yi ba, sai dai in ɗan barbaɗa masa gishiri, don labari ba gishiri ko akuya ba ta tsayawa ji. Kuma ban taɓa sa hannuna a aikin wauta ba. To, ban da ranar da na hura tayar motar likita har ta fashe masa a fuska, da ranar da na yi wa keke faci a tayar da ba ita ta huje ba. Waɗannan kuwa tsautsayin sana'a ne. Shekara ashirin da biyu ina faci, dole a samu.

Ranar Laraba ina kan kujerar mai aski, shago cike, kilifa na kuka a ƙeyata, sai ya tsokano ni.

"Wai me mijin yayarka ya aikata a gindin dutse ne? Kowa ya shigo da irin nasa labarin."

Na ce, "Ai ka zo inda ake sayar da shi a sari. Amma ka sani, ranar da aka yi ɓarnar ni ban je ba. Ina shagona. Daga bakin mai ita na ji."

Ya ce, "To zuba, muna ji. Daina juya kai."

Mijin yayata, ga wanda bai san shi ba, mai haƙa rijiya ne, da masai, da duk wani ramin da mutum ke ƙyuyar haƙawa da kansa. Amma ka kira shi mai haƙa rijiya ka ga tashin hankali. Shi Injiniya ne. Ba wanda ya ba shi sunan, shi ya raɗa wa kansa ranar da ya samo wata hular kwano ruwan ɗorawa a gwanjo, mai tsaga a baya. Bai taɓa shiga makaranta ba sai ranar da aka kira shi yasar masai. Ni ko ba komai na gama firamare, har da takarda, ɓera ne ya cinye ta.

In ya zauna cika baki sai ka rantse shi ya shimfiɗa duniya. "Ƙasa tana ganina take buɗe baki." "In na kara kunne a ƙasa, ina jin ruwa yana tari." Rijiyar da ya haƙa wa Tela na layinmu bara, ƙafa arba'in, har yau abin da ke ciki kwaɗo ne guda ɗaya, shi ma ƙishirwa ta kusa kashe shi. Da Tela ya yi magana sai ya ce, "Ruwan na nan, kunya yake ji. Ka daina yawan leƙa shi."

Abu ɗaya mai kyau da ya fito daga gidan mutumin nan shi ne Auta, 'yarsa. Yarinya mai kai, a wajen uwarta ta gado. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun tonon kayan mutanen da. Bana malamarsu, wata Farfesa 'yar firit mai malafa, wadda in tana magana sai ka matso da kunne, ta kwaso ɗalibai goma sha biyu ta kawo su gindin dutsen nan na bayan gari, inda ya yi rumfa. Wai dubban shekaru da suka wuce wasu mutane sun zauna a wurin, waɗanda ba su san noma ba, ba tukunya, ba ƙarfe, sai farauta da tsince-tsincen daji. Aka kafa tanti, aka buga ƙusoshi, aka ja zare aka yanka wurin gida-gida kamar dara. Kowane ɗalibi da gidansa. Abin da ka samu a gidanka, a kansa za ka yi rubutun gama makaranta. Ba rubutu, ba takarda, sai baɗi.

Suna neman 'yan ɗaukar ƙasa mutum uku. Yaya ce ta matsa wa Auta ta sa sunan ubanta, don ya fi wata biyu yana zaune a gida yana gyara wa kowa zama. Auta ta roƙe shi har da hawaye.

"Baba, don Allah guga kawai za ka ɗauka. Kada ka taɓa komai, kada ka koya wa kowa komai."

"Haba, ni za ki gaya wa aiki?"

Kafin la'asar duk layi ya ji wai jami'a ta aiko takanas a nemo shi, don ramin ya gagari masu digiri. Tela ya leƙo ta tagar shagonsa.

"Injiniya, in ce dai su ba ruwa suke nema ba?"

"Kai dai ɗinka aljihunka a karkace, ka bar manya su yi magana."

Ranar farko ya isa da hular kwano, da diga, da shebur biyu, da igiya a kafaɗa. Ya tarar sati uku suna aiki, rami bai kai ƙwauri ba. Ga samari majiya ƙarfi a durƙushe, kowa da cokalin magini da buroshi, wani ma buroshin goge baki ne a hannunsa, suna share ƙasa kamar masu cire wa jariri kwantsa. Ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Hajiya, wa ya rasu?"

Farfesa ta ce, "Ba wanda ya rasu, Malam."

"To me ya sa ake lallashin ƙasar? Wannan ramin ai kaza ta fi ku sauri. Ba ni awa biyu."

Ta yi masa bayani a hankali, kamar mai ba yaro magani. Wai ƙasar nan hawa-hawa take, ta sama ta jiya ce, ta ƙasa ta shekaranjiya, kuma ba abin da aka samu ne kaɗai ke da amfani ba, inda aka same shi ma ya fi. Abu in ya bar mazauninsa ba a auna ba, ba a rubuta ba, ya zama shara. Injiniya yana gyaɗa kai, ta kunnen dama tana shiga, ta tsagar hula tana fita.

Aka sa shi a rariya, ya riƙa tankaɗe ƙasar da ake kawowa. Abin da ake nema a rariyar wasu 'yan mitsi-mitsin duwatsu ne masu kaifi, kamar farcen ɗan yatsa, wai da su mutanen suke yin kan kibiya da wuƙa. Shi kuwa ya ga tsakuwa, sai watsarwa yake. Can ya ci karo da wani ƙaton dutse kamar kan jaki, ya rungumo shi yana nishi ya dire a gaban Farfesa.

"Ga na farko. Na sarkinsu ne."

Ta juya shi, ta duba. "Wannan dutse ne."

"Na sani. Na meye?"

"Na dutse. Ina ƙananan?"

Ya nuna mata gangare. Ɗalibai huɗu suka yini a gangaren nan suna tsince, suna tsine masa a ciki. Aka cire shi daga rariya aka mai da shi guga. Da guga ya taka zare ya tumɓuke ƙusa shida. Aka ce ya zauna ya huta, ya zauna a bakin ramin wani dogon ɗalibi, bakin ya zube da shi, aikin sati guda ya tafi. Da dogon ya buɗe baki zai yi magana, sai Injiniya ya riga shi.

"Yaro, ka gode mini. Bangon da bai ɗauki mazaunai ba, ai ba bango ba ne."

Kuma duk wanda ya gifta sai ya tare shi: "Ka ga waccan mai jan ɗankwali? 'Yata ce." Auta sai ta ƙara sunkuyar da kai cikin rami, kamar ta haƙa ta shige.

Ranar Juma'a sai ga Auta ta yi sa'a. A tsakiyar gidanta ƙasa ta sake launi, ta yi fari-fari, faɗin faranti babba, da ɗigon gawayi da 'yan ƙonannun ƙasusuwa. Farfesa ta durƙusa, ta cire malafa, ta ƙura wa wurin ido. Sannan ta ce nan ne mutanen suka hura wuta, kuma shekara goma sha ɗaya tana neman irin wannan. Ta ce kada wanda ya ƙara taɓawa. Ranar Litinin ogansu zai zo daga jami'a da wani mai na'ura, za a ɗebi gawayin a gabansu a kai a auna shekarunsa. Ta dafa kan Auta ta ce, "Rubutunki ya samu." Aka rufe wurin da tamfol, aka danne da duwatsu.

Auta ta dawo gida tana tsalle. Ubanta ya dawo fuska kamar an aiko masa da sammaci.

Tela ya ce, "Injiniya, an ce an dace. Zinariya ce ko azurfa?"

Injiniya ya kau da kai.

"Ai na ji. Toka! Shekara huɗu a jami'a, an samo toka. Da kun faɗa mini ai da na tara maku ta dutsen gugata."

Layi ya ɗauki dariya. Injiniya ya cire hular kwano ya buga a cinya.

"Ku jahilai ne. Ni na san ƙasa. Toka alama ce, murfi ne. Wa ya taɓa ɓoye dukiya a sama? Abin kirki yana can ƙasa, matsalar dai an ba masu buroshi aikin maza. Ku zo ranar Litinin. Duk wanda bai zo ba, shi ya so. A gaban ogansu 'yata za ta fi kowa, in ba haka ba ku canza mini suna."

Tela ya ce, "Mun ajiye sunan tun bara, yana cikin rijiyata."

Lahadi ranar hutunsu ce, ɗalibai da Farfesa duk sun shiga gari wanki da sayayya. Mai gadin wurin yana da ɗan'uwa a asibiti, yana neman wanda zai tsaya masa na yini ɗaya. Wa kake jin ya ɗaga hannu? Aka ba kura ajiyar nama.

To ni dai, kamar yadda na faɗa, ina shagona. Amma ga yadda aka yi. Hantsi bai gama ɗagawa ba ya yaye tamfol. Ya dubi tokar nan ta dubban shekaru ya ce, "Ke ce kika ja mini zagi." Shebur uku ya yi mata, ta koma cikin bokiti. Ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga diga.

Ga inda Allah ya kama shi. Gidan Auta mai kusurwa huɗu ne, kamar na kowa. Shi kuwa hannun Injiniya shekara talatin bai taɓa haƙa abu mai kusurwa ba. Hannun rijiya ne. Ya fara a murabba'i da niyya mai kyau, kafin ya kai gwiwa kusurwa ɗaya ta ɓace, kafin ya kai ƙugu rami ya zama zagaye sumul kamar bakin randa. Kuma don ya sami wurin juya diga, ya ci rabin gidan dogon ɗalibi, ya gutsiri na wata mai tabarau, ya lashi na mutum biyu a gefe. Zare da ƙusoshi kuwa ya naɗe su ya rataye a reshe, wai suna harɗe masa ƙafa.

Guga na hawa, guga na sauka. Rana ta take, gumi har cikin ido, ga igiyar nan mai cin tafin hannu kamar zarto. Yana ƙasa yana waƙa, yana sara 'yan matakai a jikin bango, ɗaya nan ɗaya can, yadda ake yi wa rijiya. Ƙafa biyar, ba komai. Ƙafa bakwai, ba komai. A ƙafa tara diga ta ce ƙwal, wuta ta tashi.

"Akwatin ne!" in ji shi.

Dutsen ne. Uwar dutsen gaba ɗaya, wadda ke zaune a wurin tun kafin a yi mutanen da ma.

Wani in ya kai nan sai jikinsa ya yi sanyi. Ban da Injiniya. Ya fito ya kakkaɓe wando ya ce ko ba komai ya rage masu aikin shekara uku. Kuma tunda Hajiya na son 'yan tsakuwa, bari a yi mata gwaninta. Ya tsince duk waɗanda ya gani, na sama da na tsakiya da na can ƙasa, ya haɗa a baho, ya wanke su tas da omo, ya kasa su kashi uku: manya, matsakaita, ƙanana. Sai idonsa ya faɗa kan butar shayin Farfesa, wadda hayaƙi ya mayar baƙa ƙirin. Ya dubi buta, ya dubi bokitin toka.

"Ka ga inda za ki yi amfani."

Ya jiƙa tsumma ya dangwala. Ya dirje buta, ya dirje tukwanen ɗalibai, har cokula bai bari ba. Wallahi tokar nan tana da kyau, ban taɓa ganin... wato ya ce bai taɓa ganin mai cin tsatsa irinta ba. Ya shimfiɗa katako biyu a bakin rami, ya mai da tamfol, ya danne da duwatsu kamar ba a yi komai ba.

Litinin da safe rabin layinmu na gindin dutse. Yaya ta ci ado, ta zo ganin ranar 'yarta. Tela ya rufe shago, ya ce ko nawa zai yi asara ba zai bari a ba shi labari ba. Ni ma na je, wannan kam da idona na gani. Ɗalibai suna ta waige-waige suna neman zarensu, amma kafin su yi magana motar oga ta tsaya. Mutum ne mai tumbi, da kwat, da takalmi mai ƙyalli, ga mai na'ura a bayansa da safar hannu da 'yan kwalabe.

Farfesa ta tsaya ta yi jawabi. Yau muryarta har da ƙarfi. Ta ce abin da za su gani ba zinariya ba ce, ya fi zinariya. Wutar da wasu bayin Allah suka zauna a gefenta suka gasa abin da suka samo, ta kwanta a nan ba wanda ya taɓa ta, ruwa bai ci ta ba, iska ba ta ɗauke ta ba, sai da wannan yarinya ta zo da haƙurinta. Yaya ta share hawaye. Injiniya yana gefe ya harɗe hannu, yana yi wa Tela inkiya da gira.

"Buɗe mana," in ji Farfesa.

Auta ta ja tamfol.

Kowa ya zuba wa rijiya ido, rijiya ta zuba wa kowa.

Injiniya ya tako gaba, ya gyara hula. "Ƙafa tara, yini ɗaya. Ba sai kun gode ba. Ƙasan dutse ne, na duba maku, ba komai, kuna iya naɗe tanti."

Farfesa ta dafe malafa. "Ina... ina tokar?"

"Af, Hajiya, ai ba a yi asararta ba."

Ya shiga tanti da sauri ya fito da buta a tafin hannu biyu, tana walƙiya, har kana ganin fuskarka a ciki.

"Duba nan. Ko sabuwa albarka."

Mai na'ura ya zauna a ƙasa daɓas. Dogon ɗalibi ya leƙa inda gidansa yake da, ya ɗora hannu a ka. Auta ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Baba," a hankali, sai ta juya baya.

Tela ya ce, "Jama'a ku yi masa adalci. Wannan ma ba ruwa. Hannunsa bai canza ba."

Oga ya matso yana huci. "Wane ne wannan mutumin? Wa ya ɗauke shi aiki?"

"Injiniya, ranka ya daɗe. Uban waccan mai jan ɗankwalin."

Yaya ta ce, "Rufe mana baki, kada ka ƙara jawo ta ciki!"

Oga ya taka bakin rami zai leƙa. Injiniya ya ce, "Yallaɓai kada ka taka nan, akwai matakala a ƙar..." Bai ƙarasa ba baki ya zube. Oga ya tafi salalalala, da kwat da komai, sai muryarsa muka ji daga ƙasa tana kiran sunan Allah.

"Kada kowa ya damu!" in ji Injiniya. "Yallaɓai, sa ƙafar dama a ramin farko, ta hagu a na biyu."

"Ƙafata ba ta kaiwa!"

"To ai don masu aiki na sara su, ban auna da tumbi ba."

Sai da aka zura igiya, oga ya ɗaura a ƙugu, maza shida suka ja, Injiniya na ba da umarni kamar ana fito da saniya. Ya fito fari fat da ƙura, takalmi ɗaya. Ɗayan yana can, wataƙila nan da shekara dubu wasu masu buroshi su same shi su yi murna.

Da ƙura ta lafa, Farfesa ta zagaya wurin. Ta tarar an juye ƙasar ramin tsibi-tsibi har goma sha bakwai, nan ɗaya, can ɗaya, duk inda hannu ya gaji. Ta kira Auta a gaban kowa ta ce ba za ta ɓoye mata ba, abin da ya tafi ya tafi. Amma in za a san tsibin da aka fara juyewa da wanda ya biyo baya, kuma in za a sami ko da cikin tafi ɗaya na tokar da gawayinta, wadda ba ta gauraya da komai ba, to za a iya aunawa, ta yi rubutu a kan abin da ya saura. In ba haka ba, sai ta dawo baɗi, 'yan ajinsu su fita su bar ta. Kuma ranar Asabar za su naɗe tanti.

Ta juya wajen Injiniya. "Malam, wa ya taya ka?"

Ya bugi ƙirji. "Ni kaɗai! Injiniya ba ya neman taimako."

"To wanne ka fara juyewa?"

Ya nuna na gabas. Ya ce a'a, na bayan tanti. Ya sake cewa kamar dai wancan na gindin bishiya. Tokar fa, ko ta rage? Ya ce shi bai sani ba, shi aikin ƙasa ya sa a gaba. Kwana biyu ke nan Auta na bin tsibi ɗaya-ɗaya da rariya, ido ya kumbura, ba ta ko cin abinci. Yaya kuwa ta fitar masa da tabarma soro, ta kuma rantse in ta ji akwai wani mai hannu a ciki, ko wane ne, sai taɓarya ta karye a bayansa. Ku kun san Yaya. Ita ta goya ni, har yau in ta yi gyaran murya sai na duba ko na yi laifi.

Na ce wa mai aski, "Ka ji ƙarshen wawa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ni tun farko na faɗa masa, wanda bai ji bari ba ya ji hoho."

Shago ya yi ta dariya. Mai aski bai yi ba. Ya karkata mini kai, ya ci gaba da tura kilifa a gefen dama.

"Labari ya yi daɗi," in ji shi, "amma gishirin ya yi yawa. Shebur uku na toka, a ce duk ta ƙare a buta ɗaya da 'yan cokula? Wannan kam ƙarawa ka yi."

Raina ya ɓaci. A gaban mutane a ce na yi ƙarya?

"Wa ya ce maka ta ƙare? Ko rabi ba a ci ba! Sauran tana cikin bokitin fenti, bayan tankin ruwa, na kifa mata murfi na ɗora dutse don kada iska ta..."

Kilifa ta yi shiru.

Na ce, "Wato... aka kifa."

"Aka kifa," in ji mai aski. Ya zagayo gabana ya tsaya. "Rami ƙafa tara. Shi yana ƙasa yana waƙa. Wa ke sama yana jan guga?"

"Ai... hawa yake ya juye, ya koma."

"Sau ɗari biyu? Buɗe hannunka mu gani."

"Hannuna me ya yi?"

Wani tsoho da ke jiran layi ya kamo wuyan hannuna ya juya. Ga sawun igiya nan ja wur, ya ratsa tafi biyu, har da ƙuraje.

Na ce, "Tayar tirela ce."

"Tayar tirela mai igiya," in ji tsohon. "Kai ne kawun da yarinya ke kuka kwana biyu kana nan kana sayar da labari a sari?"

Na ce, "Ku tsaya ku ji, ni cewa ya yi in an sami akwatin..."

Mai aski ya zare wayar kilifa daga bango, ya naɗe ta, ya sa a aljihun tebur ya turo. Ya miƙo mini madubi. Gefen dama tas kamar ƙwai, gefen hagu daji.

"Tashi. Ka je ka nuna wa yarinyar nan bokitin, ka nuna mata tsibin farko har na goma sha bakwai. In ta zo da bakinta ta ce ka yi, in ƙarasa maka."

"A haka zan ratsa layi? Ta ƙofar Yaya fa hanyar take!"

"Ka ari hular Injiniya," in ji shi. "Na gaba!"